Idan antibairos ya riƙe VT: tambayoyi da amsoshi kan kwamfuta cikin kwamfuta

Masu kawo wannan kukan kusan kala uku ne: ɗalibin da ke son koyon Linux a VirtualBox, manhajar da ke tayar da wata kwamfuta cikin kwamfuta, mai haɗa manhajar Android da ke son gwada ta kafin ta kai ga waya, da mai buga wasan waya a BlueStacks. Ciwonsu kuma ɗaya ne. Manhajar ta ce babu VT, ko ta buɗe amma tana tafiyar hawainiya, ko kuma allon ya koma shuɗi kwamfutar ta sake tashi da kanta. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Wai mene ne VT ɗin nan da kowace manhaja take nema?

Wani sashe ne a cikin furosesa da ke ba da damar a tayar da kwamfuta ta biyu a cikin ta farko, da nata Windows ko Linux ko Android, tana aiki tana ganin kamar ita kaɗai ce a gidan. Kamfanin Intel ya fara saka shi a 2005 da sunan VT-x, AMD ya biyo baya a 2006 da sunan AMD-V. A BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, na kwamfutocin AMD galibi SVM za ka ga an rubuta. Ba cinya ba, ƙafar baya.

Kafin zuwan wannan sashen, dabara ce manhajoji suke yi, suna sake rubuta umarnin baƙuwar kwamfutar tana cikin tafiya, abin ga wahala ga nauyi. Yanzu galibi an bar wannan hanyar. VirtualBox tun fitowar 6.1 a ƙarshen 2019 ya daina ta kwata-kwata, don haka idan bai samu VT ba, ko kwamfutar baƙo guda ba zai tayar maka ba.

To ina ruwan antibairos da shi?

A nan duk maganar take, don haka bari mu ɗan zauna.

Ka tuna da fatoma, mai saukar fatake. Shi ke riƙe da makullan gida, shi ke raba ɗakuna, shi ya san wanda ya shiga da wanda ya fita. Manhajar da ta karɓi VT ta zama fatoman kwamfutar, Turawa suna ce mata hypervisor. Tana zama ne ƙasa da Windows kansa, har Windows ɗin yakan koma ɗaya daga cikin baƙinta. Furosesa kuma ba ta ba wa biyu wannan matsayin a lokaci guda. Wanda ya riga, shi ke da makulli. Wanda ya zo daga baya, ko dai ya koma, ko ya yarda ya zauna ƙarƙashin na farko.

Masu antibairos sun yi kwaɗayin wannan matsayi ne saboda dalilai biyu. Na farko, tun 2005 Microsoft ya saka wani mai gadi a Windows mai 64-bit, PatchGuard, wanda ke hana kowa taɓa zuciyar Windows. A da nan ne antibairos yake kafa tarkonsa. Da aka rufe masa wannan ƙofar, sai wasu kamfanoni suka ga cewa idan sun sauka ƙasa da Windows za su riƙa leƙen abin da ke gudana ba tare da sun taɓa komai ba. Na biyu, tsoro. A 2006 wata masaniyar tsaron kwamfuta 'yar ƙasar Folan, Joanna Rutkowska, ta nuna wani gwaji da ta kira Blue Pill a taron Black Hat: muguwar manhaja za ta iya karɓe VT ta jefa Windows cikin ɗaki ba tare da ya sani ba. Hikimar ita ce, gara mai gadi ya riga ɓarawo hawa kujerar.

Dalilin nasu ba na banza ba ne. Matsalar kawai, kujerar da suka hau ita ce VirtualBox ɗinka yake nema.

Kowane antibairos ne yake haka?

A'a. Waɗanda aka fi sani da shi su ne Avast da AVG, waɗanda tun 2016 gida ɗaya suke, sai Kaspersky. A Avast da AVG saitin yana ƙarƙashin Troubleshooting, sunansa "Enable hardware-assisted virtualization", kuma shi ke taimaka wa sassan da ke killace fayil mai alamar tambaya, da wanda ke farautar manhajojin da ke ɓuya a gindin Windows, da wanda ke kare antibairos ɗin kansa daga kisa. A Kaspersky sunansa "Use hardware virtualization if available", yana ƙarfafa kariyar da suke ba wa burauza lokacin harkar banki, kamar hana muguwar manhaja ɗaukar hoton allo. Wurin da yake ɓuya yana canzawa daga fitowa zuwa fitowa, amma kalmomin nan su za ka nema.

Wasu kuma ba su taɓa VT ko kaɗan, amma suna da tasu hanyar kawo cikas. Za mu zo kanta.

Ni fa ban saka kowane antibairos ba, na Windows kawai nake amfani da shi, amma ga matsalar.

Irinka ne ma suka fi yawa a yanzu. Shekarun baya laifin yakan faɗa kan antibairos na waje. A Windows 11 kuwa, sau da yawa Windows ɗin ne da kansa ya hau kujerar tun kafin ka ga allon shiga.

Akwai wani tsari mai suna Memory integrity, yana cikin Windows Security, ƙarƙashin Device security, sannan Core isolation. Aikinsa ya tayar da fatoman Microsoft, wato injin Hyper-V, ya keɓe wani ɗaki wanda ko zuciyar Windows ba ta iya shiga, daga can ake tantance kowane direba, wato ƙaramar manhajar da ke aiki a cikin zuciyar Windows, kafin a bar shi ya yi aiki. Idan an ɗora Windows 11 sabo fil a kwamfutar da ta cika sharuɗɗa, a kunne yake zuwa.

Mutane suna ɗora laifin a kan Microsoft Defender saboda a taga ɗaya suke zaune. Amma abu biyu ne daban. Ka kashe binciken Defender sau goma, fatoman yana nan daram. Kada kuma ka ce ai naka Windows Home ne, ba shi da Hyper-V. Manhajar sarrafa shi ce babu, injin yana nan, da shi Memory integrity da WSL2, mai tayar da Linux a cikin Windows, suke aiki.

Ta yaya zan gane wanda ya riƙe makullin?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, amma yawanci sai an gama ɓarna ake yin ta.

Kwanakin baya wani ɗalibi ya kawo min laftof ɗinsa, ta hannu ce, ya saye ta a kasuwa, murfin har da sauran manne na wani kamfanin Turai. Zai yi aikin makaranta a Kali Linux, VirtualBox ya ƙi. Ya ce sau huɗu yana shiga BIOS yana kashe VT yana kunnawa. Mai gyara kuma ya ce masa furosesar ce ta tsufa, ya ciko kuɗi a musanya masa wata. Na danna 'yar kibiyar nan da ke kusa da agogo, sai ga garkuwa uku a jere: ɗaya ja, wa'adin gwajinsa ya ƙare tun bara, ɗaya kore, ɗaya kuma na wanke filashi. Na ce, "Ƙanena, wa ya zuba maka waɗannan?" Ya ce, "Wallahi Yaya, haka na same ta, mai shagon ya ce kyauta ya ƙara min." Wanda wa'adinsa ya ƙare ɗin nan ya daina kare komai, amma direbansa yana tashi kullum ya riƙe VT. Muka cire shi, muka sake kunna kwamfutar, Kali ya tashi kafin shayin da aka kawo mana ya huce.

Ga yadda ake binciken. Da farko buɗe Task Manager, shiga Performance, danna CPU. A ƙasa za ka ga Virtualization. Idan Disabled ne, matsalar BIOS ce, antibairos ba shi da hannu. Idan Enabled ne, BIOS ya fita, kada ka sake komawa can.

Na biyu, buɗe Command Prompt ka rubuta systeminfo. Jira ya gama, ka duba layin ƙarshe. Idan ya ce "A hypervisor has been detected", to akwai wanda ya riga ya zauna. Ka kuma buɗe msinfo32, ka gangara ƙasa ka nemi layin Virtualization-based security. Idan Running ne, fatoman Microsoft ne. Idan ba ya aiki, kuma ba ka kunna Hyper-V ko WSL2 ba, amma har yanzu manhajarka tana kuka, sai ka juya kan antibairos.

Wani abin da ke ruɗa mutane: idan fatoman Microsoft yana aiki, manhajojin duba furosesa irin su CPU-Z, har da ta Intel kanta, sukan nuna kamar babu VT-x. Ba ƙarya suka yi ba, daga cikin ɗakin baƙi suke leƙe, an rufe musu shi. 

Saƙon kuskuren da nake gani yana da ma'ana, ko shirme ne kawai?

Yana da ita sosai, musamman na VirtualBox. VERR_VMX_MSR_ALL_VMX_DISABLED na nufin an kashe shi a BIOS, takwaransa a AMD shi ne VERR_SVM_DISABLED. VERR_VMX_NO_VMX na nufin bai ga VT ba sam, kuma idan furosesarka ba ta zamanin da ba ce, to wani ne ya ɓoye shi. VERR_VMX_IN_VMX_ROOT_MODE ya fi su fito-na-fito: wani yana kan kujerar yanzu haka. Tsofaffin VMware, wata manhaja irin VirtualBox, sukan ce ba sa jituwa da Device Guard ko Credential Guard, wannan ma fatoman Microsoft ne. WSL2 kuma yakan jefo lambar 0x80370102, shi nasa kukan akasin haka ne: yana neman fatoman Microsoft bai same shi ba.

Idan kuma ka zo ƙirƙirar sabon baƙo ka ga jerin 32-bit kawai, babu 64-bit, wannan ma alamar VirtualBox bai samu VT ba ce.

Mene ne koren kunkurun da ke ƙasan tagar VirtualBox?

Wanda ya zaɓi wannan hoton ya iya zolaya. Idan VirtualBox ya riƙe VT da hannunsa, za ka ga harafin V a wurin. Idan ka ga kunkuru, ya tarar da fatoman Microsoft ne, ya haƙura ya zauna ƙarƙashinsa.

Wannan sulhun ya samu ne bayan Microsoft ya buɗe wata ƙofa mai suna Windows Hypervisor Platform a 2018. VirtualBox ya fara bi ta nan tun 6.0, VMware Workstation kuma tun 15.5.5 a 2020. Kafin nan babu zaman tare, sai ɗaya ya fita. Yanzu ana zama, amma komai sai ya bi ta hannun mai gida, shi ya sa tafiyar take raguwa. A sabuwar kwamfuta mai ƙarfi wani ba zai ma lura ba. A tsohuwa kuwa, ɗora Linux da ya kamata ya ɗauki mintuna kaɗan sai ya cinye maka rabin yini, wani lokaci ma ya tsaya cik a baƙin allo.

Na gano antibairos ne. Sai in cire shi?

Ba sai ka kai nan ba. Shiga saitinsa ka cire alamar da ke kan wancan layin na amfani da VT, sannan ka sake kunna kwamfutar. A wasu fitowar Avast akwai wani layi a ƙarƙashinsa, "Use nested virtualization where available", wanda ke ƙoƙarin barin wata manhajar ta yi aiki a cikinsa. Wani ya yi masa daidai, wani kuma shi ne silar shuɗin allo. Idan kana fama, kashe duka biyun.

Abin da ba ya aiki shi ne danna "kashe kariya na minti goma". Wannan bincike kawai yake tsayarwa. Direban da ya riƙe VT tun tashin kwamfuta ya shiga, kuma ba ya sauka sai an sake tashi.

Sannan ka lura da wannan, domin ya ɓata wa mutane da yawa dare: Restart za ka danna, ba Shut down ba. Windows yana da wani tsari, Fast Startup, wanda idan ka kashe kwamfutar yakan naɗe zuciyarsa da direbobinta ya ajiye a faifai, gobe ya warware su yadda suke. Sai ka ga ka canza saiti, ka kashe, ka kunna, abin yana nan. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Idan na kashe wannan saitin, ban buɗe wa ɓarayi ƙofa ba?

Ka rage wani abu, gaskiya ce, amma ba babban ba. Binciken fayil, tace shafukan intanet, sa ido kan halayyar manhajoji, duk suna nan. Abin da ya raunana shi ne kariya daga nau'in muguwar manhajar da ke nutsewa can gindin Windows. A ganina, mutumin da ke sabunta Windows ɗinsa, ba ya kuma sauke manhajojin sata, wannan ragin ba zai hana shi barci ba. Wanda kuwa kwamfutarsa cike take da manhajojin da aka fasa makullinsu, ya riga ya buɗe ƙofar gaba da hannunsa, bai kamata ya tsaya jimamin taga ba.

Idan na yanke shawarar cire shi gaba ɗaya fa?

To ka cire shi da kyau. Cirewar da ake yi ta Settings takan bar saura, kuma sauran nan wani lokaci direban ne. Kamfanonin sun san haka, shi ya sa kowanne yake da tsintsiyarsa: Avast yana da Avast Clear, Kaspersky yana da kavremover, McAfee yana da MCPR. Daga shafin kamfanin za ka sauke, ba daga inda ka fara gani ba. Da zarar na wajen ya fita, Defender yakan dawo bakin aiki da kansa, don haka ba a tsirara za a bar ka ba.

Antibairos biyu masu bincike a lokaci guda kuwa, ba ƙarin tsaro ba ne. Kowanne yana bin ɗan'uwansa da kallo, ram ɗinka ke biyan kuɗin.

Na gano na Windows ne. Yaya ake sauke shi?

Mataki-mataki, kana gwadawa bayan kowanne. Fara da kashe Memory integrity, ka yi Restart. Idan systeminfo har yanzu yana ganin fatoma, rubuta optionalfeatures a wurin nema, ka cire alamar Hyper-V, Virtual Machine Platform, Windows Hypervisor Platform da Windows Sandbox, duk wanda ka samu. Idan ya ƙi, buɗe Command Prompt da ikon mai gida, wato Run as administrator, ka rubuta:

bcdedit /set hypervisorlaunchtype off

Sai Restart. Ranar da kake son dawo da shi, umarnin ɗaya ne, ka maye gurbin off da auto.

Gargaɗi biyu. Kafin ka taɓa BIOS ko tsarin tashin kwamfuta, ka tabbata kana da lambar ceto ta BitLocker, mai lambobi 48, idan faifanka a kulle yake. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa a kulle mai su bai sani ba, lambar kuma tana cikin asusunsa na Microsoft. Duba ta ka rubuta a takarda tukuna. Na biyu, idan kwamfutar ta ofis ce ko ta makaranta, mai yiwuwa an kulle wannan saitin da gangan, musamman Credential Guard da ke zuwa a kunne a Windows 11 Enterprise tun fitowar 22H2. A nan ka bar kaza cikin gashinta, ka je wurin mai kula da kwamfutocin.

To Memory integrity ɗin, ya dace a kashe shi?

Nan na fi jan ƙafa fiye da batun antibairos. Wannan kariyar tana maganin wata dabara da masu kutse suke amfani da ita da gaske: su ɗauko tsohon direba mai sa hannun halal amma mai rauni, su ɗora shi, su bi ta cikinsa su kashe antibairos. Ba tatsuniya ba ce.

Sai dai kuɗin da ake biya ya danganta da furosesa. Microsoft da kansa ya ce tsarin ya fi tafiya daidai a Intel daga tsara ta 7 zuwa sama, da AMD daga Zen 2, domin su suna da abin da ake buƙata a jikinsu. Waɗanda suka girme su kwaikwayo ake musu, nauyin kuma ya fi yawa. Laftof na hannu da ke yawo a kasuwanninmu, daga Beirut Road a Kano zuwa sauran garuruwa, akwai 'yan tsara ta 4 zuwa ta 6 da yawa a ciki, wasu ma an tura musu Windows 11 da ƙarfin tsiya. A irin waɗannan, idan aikinka kullum a VirtualBox yake, kashe shi ba wauta ba ce. A 2022 Microsoft ma ya fitar da bayanin yadda masu wasanni za su kashe shi don ƙarin gudu, tare da jan kunnen a mayar bayan an gama.

Idan kuwa kwamfutar sabuwa ce, kana harkar kuɗi a kanta, kuma sau ɗaya a mako kake buɗe Linux, ka zauna da kunkurunka.

Ina amfani da WSL2 da Docker, ina kuma son VirtualBox. Dole sai na zaɓi ɗaya?

Ba dole ba, amma ka san WSL2 da Docker Desktop da Windows Sandbox duk a gidan fatoman Microsoft suke haya. Ka sauke shi, sun mutu. Hanya biyu ce: ko ka bar shi a kunne VirtualBox ya bi ta ƙarƙashinsa, ko ka riƙa juya wancan umarnin na bcdedit kana Restart duk lokacin da za ka canza aiki. Akwai ta uku da mutane ke mantawa: idan Windows ɗinka Pro ne, ka tayar da baƙon naka a Hyper-V kai tsaye. Tun da shi ne a kan kujera, babu kunkuru a wurinsa.

Masu BlueStacks da gwajin Android fa?

Labarin ɗaya ne da ɗan bambanci. Yawancin tsofaffin BlueStacks ba sa shiri da Hyper-V, sababbin fitowar BlueStacks 5 kuwa suna iya zama da shi. Don haka kafin ka rushe saitin Windows, sabunta manhajar tukuna, ko da datar za ta yi ciwo.

Masu Android Studio, idan koyarwar da kuke bi ta ce a saka Intel HAXM, ta tsufa. Intel ya daina kula da shi a farkon 2023. Yanzu hanyar da ta fi sauƙi a Windows ita ce a kunna Windows Hypervisor Platform, wato a wannan karon kunna fatoman Microsoft ake so, ba kashewa ba. Shi ya sa shawarar "kashe Hyper-V" da ake ba kowa ba ta zama magani ga kowa ba. Sai an san manhajar da ake magana a kanta.

VT yana nan, babu wanda ya riƙe shi, amma VirtualBox yana mutuwa tun kafin ya buɗe baƙo.

Wannan ɗaya hanyar ce da na ce za mu zo kanta. Antibairos da yawa suna cusa ɗan guntun kansu a cikin kowace manhaja da ta tashi, don su ga abin da take yi. VirtualBox kuma tun fitowar 4.3.14 a 2014 ya zama mai tsananin kishi: duk abin da bai yarda da sa hannunsa ba, ba ya barinsa ya shigo, idan an matsa ya rufe kansa. Saƙon yakan ambaci hardening. A cikin foldar baƙon, ƙarƙashin Logs, akwai fayil mai suna VBoxHardening.log. Buɗe shi ka nemi sunan fayil ɗin da aka ƙi, sau da yawa sunan kamfanin antibairos ɗin yana jikinsa. Maganin yawanci sabunta su biyun ne. Ba antibairos kaɗai ke jawo wannan ba, tsohon direban allo ko manhajar canza kamannin Windows ma suna yi.

Komai yana aiki, amma faifan kullum a cike yake da aiki, baƙon yana ja da ƙyar.

Faifan baƙo fayil ne guda ɗaya ƙato, mai ƙarewa da vdi ko vmdk ko vhdx, yakan kai gigabait ashirin ko hamsin. Duk motsin da baƙon ya yi, rubutu ne a cikin wannan fayil, antibairos kuma yana iya bin sa da bincike. Ka saka foldar da baƙin suke a jerin abin da aka yafe wa bincike. Foldar kawai, ba faifan C gaba ɗaya ba, kuma ba foldar Downloads ba. Idan har yanzu tsohon faifai mai juyawa kake amfani da shi, to gaskiya rabin laifin nasa ne. SSD zai yi maka abin da babu saitin da zai yi.

Shin baƙon yana buƙatar nasa antibairos?

Idan Windows ne kuma yana hawa intanet, e. Na waje ba ya ganin abin da ke gudana a ciki. Defender da ke zuwa da shi ya isa.

Bairos zai iya tsallakowa daga baƙo zuwa ainihin kwamfutata?

Ta katanga, da wuya, amma ya taɓa faruwa. A 2015 an gano wani rauni da aka sa wa suna VENOM a sashen da ke kwaikwayon tsohon faifan fulofi, ya shafi QEMU da Xen da KVM da VirtualBox, aka toshe shi. Irin wannan shi ya sa ake sabunta manhajar. Amma hanyar da aka fi bi ba katanga ba ce, ƙofar da ka buɗe ce: foldar da kuka yi tarayya, kwafe-da-manna tsakaninku, filashin da ka miƙa masa, da haɗa shi kai tsaye da wayafai na gida. Mai gwada muguwar manhaja don karatu ya rufe waɗannan duka, ya kuma ɗauki hoton yanayin baƙon, wato snapshot, kafin ya fara, don ya samu wurin komawa.

Task Manager ya ce Disabled. Ta ina ake shiga BIOS?

Da ka danna maɓallin kunnawa sai ka riƙa danna na shiga: F10 a HP, F2 a Dell da Acer da yawancin Asus, F1 a ThinkPad, Delete a yawancin kwamfutocin tebur. Nemi Virtualization Technology ko SVM Mode a ƙarƙashin Advanced, Security ko Configuration, ka mayar da shi Enabled, ka adana. Kada ka rikita shi da VT-d, shi wani abu ne daban da ya shafi na'urorin da ke jone. Idan batirin laftof ɗin ya mutu, kada ka yi wannan aikin a lokacin da wuta take wasa.

Idan BIOS ya nemi kalmar sirri da ba kai ka saka ba, abin da ke yawan faruwa da kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin waje, ka mayar wa wanda ya sayar maka tun ciniki bai huce ba.

Ni a Linux nake, ba ni da antibairos, amma na ga saƙon cewa wani ya riƙe VT.

KVM ne, fatoman da ke cikin zuciyar Linux, wato kanel. Tun kanel 6.12 da ya fito a ƙarshen 2024, yakan karɓi VT da zarar an loda shi, ko da babu baƙon da ke aiki, sai VirtualBox ya tarar an riga shi. Fara da sabunta VirtualBox. Idan bai warware ba, ko ka sauke kvm_intel ko kvm_amd da umarnin modprobe kafin ka buɗe shi, ko ka ƙara kvm.enable_virt_at_load=0 a layin tashin kanel.